Wasiƙa ga Malam Sani kan ginin ATP

Gusau, Jihar Zamfara.

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya ɗalibai? Mu nan damina ta zauna, gero ya fara fitar da kai.

Ka ce yaranka sun haddace sunan ATP, sinadarin da ke ɗauke da kuzari a cikin ƙwayoyin halitta, amma zana shi ya gagare su. Ka fara musu daga tsakiya, wato sukarin ribos mai kabon biyar: huɗu da oksijin ɗaya suka yi zobe, na biyar yana waje. Su sa wa kowane kabon lamba tun kafin su ƙara komai. A kan na 1 ake ɗaura adenin, zobe biyu manne da juna, ta naitirojinsa na 9. A kan na 5 kuma fosfet uku ne jere kamar 'ya'yan carbi: alfa, bita, gama. Ka riƙa leƙa kabon na 2 a littafinsu. In babu OH (oksijin haɗe da haidirojin) a wurin, dATP suka zana, tubalin DNA ke nan. Jimla kabon 10, haidirojin 16, naitirojin 5, oksijin 13, fosforas 3, mol ɗaya (ma'aunin yawan sinadari) kimanin giram 507.

Don Allah, malam, kada ka ce musu tsinkewar haɗi ce ke ba da kuzari. Wannan kuskuren yana damuna ƙwarai, don yaro kan shiga jami'a da shi. Tsinke haɗi cin kuzari yake yi. Abin da ke faruwa shi ne, a pH 7, wato ruwan da ba asid ba kuma ba alkali ba, fosfet ɗin nan na ɗauke da cajin negatif kusan huɗu, cunkushe wuri guda, suna ture juna kamar kawunan maganaɗisu iri ɗaya. Da ruwa ya shigo, fosfet na ƙarshe, wato gama, ya fita, sai ADP (abin da ya rage mai fosfet biyu) da fosfet ɗin da ya fita su fi samun natsuwa. Wannan bambancin ne kilojul 30.5 a kowane mol, bisa ma'aunin da aka saba.

Kada ka manta da magniziyam. Shi ke riƙe bita da gama, ya rage turereniyar. Idan aka haɗa gwaji ba shi, yawancin enzayim, masu hanzarta aikin sinadarai a jiki, ba za su taɓa ATP ba.

Ka samo dabino uku a matsayin fosfet ɗin nan uku ka soke da tsinken tsintsiya, ka sa yaro ya zare na ƙarshe, sannan ya mayar. Mayarwar ita ce aikin maitokondiriya, sashen ƙwayar halitta da ke haɗa ATP, kuma ita ce gubar ɗanyen rogo mai ɗaci ke tsayarwa.

Ka gaida Baba da su Hajiya.

Naka,
Bello