Zuwa ga Yaya, daga jihar Indiyana ta Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Inna da yara duka. Ni ma lafiya lau, sai dai sanyi, kuma an saba.

Na ji abin da ake faɗa, wai na sayi ƙatuwar mota na manta da gida. Maganar ta yi mini zafi, musamman da aka ce har kunnen Inna ta kai. Motar dai gaskiya ce, a-kori-kura ce mai shan gas, amma ta neman abinci ce, kuma bashin banki na kanta. A nan garin Elkhart ake ƙera yawancin gidajen nan masu taya da mutanen Amurka ke ja su tafi hutu, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Aikina in ɗaura ɗaya a bayan mota in kai wa dillali a wata jiha. Mil ɗin da na yi da kaya kaɗai ake biya. Dawowa fayau, mai daga aljihuna.

Man ne ke cin kuɗin. Da zarar na ɗaura tirela, gidan nan mai taya ke nan, galan ɗaya, wato lita 3.8, ba ya kai ni fiye da kusan rabin tafiyar da yake kai ni in ba kaya. Nauyi na da nasa, amma iska ta fi shi ɓarna, don gaban tirelar kamar bango yake. In ka ninka gudu, turjiyar iska sau huɗu take ƙaruwa. Shi ya sa ba na wuce mil 60 zuwa 62 a awa, kusan kilomita 100 ke nan, ko da manyan motoci na wuce ni. A jihar Kalifoniya ma doka ta tsayar da mai jan tirela a mil 55. Ranar da iska ta taso ta gaba a hanyar jihar Wayomin, kana kallon allurar mai tana sauka.

Akwai wani maɓalli a jikin sandar giya na jan kaya. Wasu direbobi ba sa danna shi, wai yana ƙara shan mai saboda inji na daɗewa a ƙaramar giya. Ni kullum a danne yake in da kaya. In babu shi, a ɗan hawa kaɗan sai ka ji mota tana hawa giya tana sauka, tana hawa tana sauka, man giya ya ɗau zafi, kuma zafin nan shi ke kashe giyabos. Idona na kan ma'aunin zafinsa a allo. A gangara kuma maɓallin na sa inji ya riƙe motar, burki ya huta. Ɗan man da za a rage bai kai kuɗin giyabos ɗaya ba, wanda zai iya cinye aikin watanni.

Shi ya sa kuɗin da na turo wannan watan suka ragu, na canza man giya da tayoyin baya. Wallahi ba rowa ba ce.

Abin da na turo, a fara cire na maganin Inna kafin komai. Sai kuɗin makarantar yara, ka kai da hannunka ka karɓo rasit. Kada a ba Auta ko sisi a kan maganar babur, na gaya masa a waya, ina sake gaya maka. Ya koma wajen maigidansa ya ƙarasa koyon aikin. In ya zo maka da daɗin baki cewa na amince, ban amince ba.

Ka zauna da Inna ka yi mata bayanin motar nan a hankali, ni in na ji muryarta ba na iya magana mai tsawo. Maganin dai a fara saya, Yaya. Ka sanar da ni in kuɗin sun shiga. A gaida Kawu da mutanen gida.

Ƙaninka.