Wasiƙa Daga Rum Ranar Idin Dukan Tsarkaka

Rum, 1 ga Nuwamba

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Barkanmu da idi. Ina fata kin tashi lafiya. Ya ƙafar taki? Yaya ya ce har yanzu sai kin taka zuwa Misar asuba, ko ruwa ake yi a Agege kamar da bakin ƙwarya. Ki gaishe shi da matarsa da yara, da Auta, da Hajiya ta ɗakin gaba. Ni lafiyata ƙalau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Yau hutu ne a duk Italiya. Tun da safe tsohuwar da nake kula da ita ta sa na tura kekenta zuwa Verano, babbar makabartar garin nan. Ba ta jira gobe, ranar tunawa da matattu, ba, ta ce cunkoso zai yi yawa, amma ko yau ɗin ba masaka tsinke. Kowa rungume da fure ruwan ɗorawa ko fari, wanda suke kira kirisantemo. Furen matattu ne a wurinsu. Shekarata ta farko na saya mata shi ranar haihuwarta don na ga yana da kyau ga araha, ta kwana biyu ba ta yi min magana ba. Da muka isa kabarin mijinta ta miƙo min tsumma da gorar ruwa. Na goge dutsen, na goge hotonsa, na kunna kyandir, ita kuwa tana ba shi labarin kuɗin wuta da jikansu da ya ƙi aure. Ina durƙushe ina wanke kabarin wanda ban taɓa gani ba, sai na tuna ban taɓa sa ƙafa a kan na Baba ba. Lokacin da ya rasu takarduna ba su fito ba, a waya na kalli jana'izarsa, hoton yana yankewa.

Dalilin rubuto miki ke nan. Auta ta faɗa min Baffa ya sake ta da maganar, wai an yar da ɗan'uwansa a makabartar Atan ta Yaba cikin baƙi, ba a kai shi Malumfashi kusa da iyayensa ba. Ta ce kin kwana kina kuka. Mama, ke ba ki yi laifi ba. Kuɗin motar gawa daga Legas zuwa jihar Katsina ba mu da shi a ranar, kuma masu maganar yau ba wanda ya aiko da ko sisi. Baba ya fi shekara talatin yana sauke albasa a kasuwar Mile 12. A Agege ya aure ki, nan aka yi mana baftisma duka.

Watan jiya ranar hutuna wata Sista ta ja ni zuwa Ostiya, bakin teku, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa. A can Waliyiya Monika ta rasu a shekara ta 387, tana da shekara 56. Ashe 'yar Afirka ce, daga Tagaste, garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Ta biyo ɗanta Agustin har Milan da hawaye da addu'a, sai da ta ga an yi masa baftisma. Suna jiran jirgin ruwan komawa gida zazzaɓi ya kama ta. Ta riga ta shirya wa kanta kabari kusa da na mijinta a garinsu, ɗayan ɗan nata ma ya ce ya fi so a ce a gida ta cika, ba a ƙasar mutane ba. Ta tsawata masa. Ta ce su binne ta ko'ina, kada wannan ya dame su, abu ɗaya take roƙo: su riƙa tunawa da ita a bagadin Ubangiji duk inda suke. A nan baƙuwar ƙasa aka binne ta. Yanzu ƙasusuwanta suna cocin da ke ɗauke da sunan ɗanta Agustin a cikin Rum, na je na durƙusa na ja carbi guda dominki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mijinta, Patrisiyus. Mutum ne mai zafin rai, ba Kirista ba, sai dab da mutuwarsa ya karɓi baftisma. Sista tana faɗa ina ganinki. Mun san Baba, ba sai mun ɓoye wa juna ba. Mun san daren da yake dawowa da warin burukutu, ya yi cilli da kwanon tuwo don miya ta huce, ke kuma ki tsince kwanon ki ce mu durƙusa. Ki fara “A gaishe ki Maryamu” muryarki na rawa, shi yana waje yana banbami. Shi ɗin ne kuma ya sayar da rediyonsa ya biya min kuɗin jarrabawa. A shekarunsa na ƙarshe shi ke riga mu shimfiɗa tabarma, carbinsa mai baƙin zare a hannu, yana gyangyaɗi kafin a kai goma ta uku. Ranar jana'iza an yi ta cewa mutumin kirki ne, kuma gaskiya ne. Amma ni da na san ragowar, ba zan daina nema masa jinƙai ba.

Na san Gwaggo za ta ce a cocinsu ba a yi wa matattu addu'a, wanda ya tafi ya tafi da aikinsa. Ba na so a yi musu da ita, ita ta wanke mu muna jarirai. In ta tambaya, Yaya ya nuna mata Makabiyawa ta biyu, sura 12, inda Yahuza, shugaban mayaƙan Yahudawa, ya tara kuɗin azurfa 2,000 ya aika Urushalima a yi hadaya domin sojojin da suka mutu, ko da yake littafin ba ya cikin nasu Littafi Mai Tsarki. Ni dai hujjata ba ta kai can ba. Yana da rai ina roƙa masa gafara, ban ga dalilin da zai sa in rufe baki don ya rufe ido ba. Hajiya ma ai ta gane, ita ta kwana tana soya ƙosai ranar kwana arba'in ɗinsa, ba ta tambayi addinin kowa ba.

Da ma ya kai Disambar 2023 ya ga an naɗa Fada Gerald Musa Bishop na Katsina, Bahaushe ɗan yankinsu. Da duk Mile 12 ta ji, har masu tumatir.

Na turo kuɗi ta hannun Yaya. A fara da katikis, a rubuta sunan Baba cikin Misar gobe, da na Kaka, da na ƙaninmu da bai yi kwanan suna ba. Ni ma na ba da sunayen a nan. Fada ya ce daga 1 zuwa 8 ga wata Ikilisiya tana ƙarfafa ziyarar makabarta da yi wa rayuka addu'a, to ba dole sai gobe ba, ku zaɓi ranar da ƙafarki ta yi sauƙi. Kada ki hau danfo ki sha wuyar Oshodi. Sabon jirgin ƙasan nan yana tsayawa Agege yana tsayawa Yaba, daga nan ku ɗauki keke. Auta ta tafi da fartanya da tsintsiya, bayan damina ciyawa ta rufe wurin. A sayi fenti a sake rubuta sunan. Abin da ya rage ki aika wa Baffa rabi, ki ce in ji ni a yi Misa a can gida ma, ya tsaya a gaba. Babba ne, kuma kewar ɗan'uwansa ce ke fitowa ta bakin faɗa.

In akwai mai zuwa kafin Kirsimeti, a haɗo min kuka da daddawa da yaji. Kada a sa kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Auta ta ɗauko min hoton kabarin bayan an share, ki tsaya a gefe in gan ki.

Ki sa min albarka.

Ɗiyarki