Zuwa ga 'yata da ke karatu a Dakar

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan Damagaram. Innarki na gaishe ki, ta ce kilishin da ta aiko miki kada ki rabar da shi rana guda.

Na ji muryarki a waya ranar Juma'a, na kuma gane abin da kika ƙi faɗa. Lissafi kika so, Allah ya kai ki EBAD, makarantar koyon aikin ɗakin karatu da adana takardu, ga 'yan'uwanki suna yi miki ba'a wai kin ƙetare ƙasashe don ki koyi jera littattafai a kanta. To bari in ba ki labarin wani mutum, yadda malamina ya ba ni shi ina sa'arki.

Sunansa Ranganathan, mutumin Indiya, an haife shi a 1892. Shi ma malamin lissafi ne. A 1924 aka ba shi riƙon ɗakin karatu na jami'ar Madras, bai daɗe ba zaman shiru ya ishe shi, ya je yana roƙon a mayar da shi aji. Aka ce ya tafi Ingila tukuna ya ga yadda ake aikin, in ya dawo bai so ba, ajinsa na nan. Ya tafi, ya dawo, bai sake neman ajin ba. Lissafin ma bai faɗi ƙasa banza ba, don da wannan kan ya ƙirƙiro nasa tsarin rarraba littattafai a 1933. Ya koyar da aikin a Banaras da Delhi, a 1962 ya kafa cibiyar horo a Bangalor, can ya rasu a 1972. Dokokinsa biyar na aikin ɗakin karatu, na 1931, za ki haddace su don jarrabawa. Ni ta farko kaɗai ta ishe ni: littafi don a yi amfani da shi ne.

Na san za ki ce wannan ai kowa ya sani. Ni ma haka na ce.

Da aka ba ni ɗakin karatu na wata makaranta, sai na kwashe sababbin littattafai na zuba a akwatin katako, na danna kwaɗo, makulli a aljihuna. Tsoron hannun yara nake, masu miyau a yatsa da man ƙuli-ƙuli. Bayan damina malamina, Allah ya jiƙansa, ya zo duba ni. Ya ce in buɗe. Uwata, bango kawai muka tarar, gara ta yi gini a ciki, takarda ta koma ƙasa. Bai yi mini faɗa ba. Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani tsohon littafin da na raina, duk ya yi baƙi, gefensa ya lanƙwashe, an ɗinke shi da zaren buhu. Ya buɗe katin aro, sunayen yara sun cika shi gaba da baya. Ya ce in ƙirga. Ina ƙirgawa yana kaɗe ƙura daga rigarsa, da na gama ya karɓi kwaɗon ya sa a aljihu ya tafi da shi.

Malamin nan nawa bai rubuta littafi ko ɗaya ba, bai bar gida na a-zo-a-gani ba. Amma ranar jana'izarsa na ga waɗanda ya koya wa rubuta kati da gyaran bango, wasu daga Maraɗi, wasu daga Yamai, kowa na cewa shi ne ɗan gaban goshinsa. Na yi shiru, don ni ma haka na zata.

Saboda haka ki nemi irinsa a can. Makarantar taku tun 1967 take horar da mutanen ƙasashenmu, ba za a rasa ba. Ba lalle ya zama mai babban muƙami ba. Ki duba wanda in ɗalibi ya yi tambayar wauta yake tashi daga kujera ya raka shi har kanta. Ki riƙe masa jaka, ki yi tambaya, in ya gyara ki kada ki kumbura baki, halin da kika gado daga wajena.

Kwamfuta kuma ki koye ta da kyau, ni nan ta wuce ni. A gidajen malamai na unguwar Birni, nan Damagaram, akwai rubuce-rubucen ajami da na Larabci cikin gafaka, wasu magadan ma ba su iya karanta su ba. Na cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai sun samu masu kula, na cikin soraye fa? Mai su ba zai miƙa wa baƙo ba, sai wanda ya san yadda ake durƙusawa a gaida dattijo. Wannan ba a koyar da shi a Dakar, kin tafi da shi daga gida.

Kuɗin haya zan turo ƙarshen wata in fansho ya fito. Ki riƙe salla, ki rage yawon dare ko da da ƙawaye ne. In kin zo hutu ki taho mini da kwafin darasinku na rarraba littattafai, ina so in ga abin da ya canza.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki