Takardar Koke Kan Makomar Zaki a Dajin Yankari

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Alkaleri, Jihar Bauchi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, mu manoma da makiyaya na ƙauyukan da ke gefen dajin Yankari muke kawo kukanmu gare ka.

Iyayenmu sun san dajin nan tun kafin a killace shi a 1956. Sun san kyarkeci a cikinsa, yau babu shi. Zaki ma ya kama hanya. Binciken masana na 2014 ya nuna manyan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su kai 250 ba, kuma a Najeriya wuri biyu kaɗai aka same su: Kainji da Yankari. Dattawanmu suna cewa dā daga maɓulɓular ruwan ɗumi ta Wikki da ke cikin dajin ake jin gurnaninsa da dare. Yaranmu da yawa ba su taɓa ji ba.

Muna roƙon ka kai wa gwamnatin jiha, wadda dajin ya koma hannunta a 2006, buƙatarmu ta a kare zakunan da suka saura, a kuma ƙaro wasu. Da amfaninmu a ciki. Baƙin da ke zuwa Yankari zaki da giwa suke nema, kuma kasuwarmu da aikin yaranmu suna bin sawun baƙin. Ga gadu da gwaggon biri sun addabi gonakinmu, babu mai rage su.

Amma Allah ya ja kwananka, mu ne za mu kwana kusa da zakin, kuma shanunmu zai fara gani. Makiyayin da aka kashe wa saniya aka bar shi da asara, guba zai zuba a mushe. Haka zakunan gandun Akagera na Ruwanda suka ƙare bayan yaƙin 1994. Da hukumomin Ruwanda suka tashi gyara, sai da suka kewaye gandun da shinge, suka tanadi diyyar dabbobin da aka kashe, suna ba maƙwabta kaso daga kuɗin shiga, sannan suka kawo zakuna 7 a 2015. Yanzu sun hayayyafa.

Don haka kafin a sauke ko da zaki ɗaya, a fara tsayar da asusun diyya da zai biya cikin gaggawa, da ardo da mai unguwa cikin masu tantancewa. A taimaka mana da garke mai ƙarfi inda shanu za su kwana. A hana farautar ɓauna da gwanki, domin zakin da ya rasa nama a dawa ruga zai nufa. Kuma a nemo irin na yankinmu, daga gandun Pendjari na ƙasar Benin ko arewacin Kamaru, tunda na Afirka ta Kudu jinsinsu daban ne.

Muna roƙon a kira mu zama da masu kula da dajin kafin damina ta faɗi.

Mu ne naka,
Manoma da makiyayan gefen dajin Yankari