Kafin a shigo da tukunyar fure gidan da ke da kyanwa ko kare

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja hankalin masu ƙawata ɗakunansu da shuke-shuke, alhali suna kiwon kyanwa ko kare. Ana iya haɗa biyun lafiya lau, amma sai mutum ya san ainihin sunan kowace shuka kafin ta tsallake ƙofa. Kyan ganye ba ya nuna ko akwai guba.

Mafi haɗari ga kyanwa shi ne furen lili, dangin Lilium da Hemerocallis. Ba sai ta ci da yawa ba. Ganye ɗaya ya isa, haka ma garin furen da ya zuba a gashinta ta lashe wajen gyaran jiki, ko ruwan kwalbar da aka tsoma furen. Da farko sai amai da ƙin abinci, wani lokaci ta ɗan ware kamar ta warke, a nan kuwa masu ita ke ruɗuwa. Cikin awa 24 zuwa 72 ƙodojinta na iya daina aiki. Idan aka fara ƙarin ruwa a asibitin dabbobi kafin awa 18 ana sa ran tsira, bayan haka kuwa abin ya yi wuya. A ganinmu lili ba ta da wurin zama a gidan da ke da kyanwa, ko da kyauta aka kawo ta. Kare kuwa yawanci ɓacin ciki kawai take sa masa.

Karnuka sun fi faɗawa tarkon shukar sago, wato Cycas revoluta, mai kama da ƙaramin dabino. Duk jikinta guba ne, amma ƙwayar ta fi, kuma hanta take lalatawa. Oliyanda da kariya da kalanko su kuma bugun zuciya suke rikitawa. Waɗannan duka a fitar da su.

Akwai rukuni na biyu da ke wahalarwa amma ba kasafai yake kisa ba: difenbakiya, filodendiron da fotos. Ruwansu na ɗauke da ƙananan tsinkaye masu kaifi da ke soke harshe da leɓe, sai a ga dabba tana dalalar da miyau tana sosa baki da ƙafa. A wanke bakin da ruwa a hankali, a sa ido kan numfashi, domin kumburin maƙogwaro na buƙatar likita nan take. Alobera da moɗa kuwa amai da gudawa suke kawowa.

Da yawa suna cewa sun ɗora tukunya a kan kabad, shi ke nan. Wannan dabara ce ta kare kawai. Lafiyayyar kyanwa tana tsallen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, kuma busasshen ganye yana faɗowa da kansa. Ɗaki mai ƙofa a rufe ko akwatin gilashi ne ke hana ta. Tukunyar da ke ajiye a ƙasa kuma ta zama mai nauyi da faɗin gindi, a rufe saman ƙasarta da duwatsu masu girman ƙwai, don kada kyanwa ta mai da ita makewayi, kada kuma kare ya haɗiye tsakuwa. A shuka wa kyanwa tata ciyawar: cokali biyu na alkama ko sha'ir wanda ba a sa wa maganin ƙwari ba, a cikin ƙaramin kasko, kwana 7 zuwa 10 ya isa ta fara ci. Okid da kalatiya da dabinon areka ba su da guba, ga kuma jerin sunaye da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Amurka, ASPCA, ke ajiyewa a intanet domin dubawa.

Sau da yawa ma ba shukar ce ke cutarwa ba, abin da aka zuba mata ne. Takin garin ƙashi ko na busasshen jini yana jan kare ya tone tukunya ya ci, ya dunƙule masa a ciki. Maganin ƙwari mai sinadarin fametirin yana sa kyanwa makyarkyata da farfaɗiya, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ruwan da ya taru a faranti ƙarƙashin tukunya bayan an zuba taki, a zubar da shi.

Idan har dabba ta ci shuka mai guba, kada a ɗura mata gishiri ko madara ko mai don ta yi amai. Gishiri da kansa yana kisa, ɗure kuma yana shiga huhu. A cire ragowar ganyen daga bakinta, a lura da lokacin da ta ci, a ɗauki reshen shukar ko hotonta a waya, a nufi likitan dabbobi ba tare da jiran alamu su bayyana ba.

Mun gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu kula da lafiyar dabbobin gida