Wasiƙa daga Maradi zuwa Agadas

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da uwargida da yara da abokan aikinka na asibiti. Mu nan Maradi lafiya lau, sai godiyar Allah. Sabon gero ya fara shigowa kasuwa, zafi kuma ya ɗan sassauta. Inna tana gaishe ka ƙwarai, ta ce a tambaye ka yaushe za ka kawo mata jikokinta ta gani.

A saƙonka na murya ka tambaye ni abin da ya mayar da ni jami'a bayan shekarun da na yi ina riƙe da alli a lakwal, da kuma yadda karatun yake tafiya. Na ga amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta. Mastar nake yi a fannin ilimin koyarwa, kamar yadda muka taɓa zantawa. Cikin darussan bana akwai gabatarwa ga ilimin halayyar ɗan Adam, kuma shi ne ya fi ɗauke mini hankali, har yakan raba ni da barci. Darasin farawa ne, irin wanda ake ba ƴan shekarar farko ta lisans, amma mu da muka riga muka tsaya gaban yara muka yi aure muka haihu, ba kamar su muke jin sa ba. Duk abin da malami ya faɗa, fuskar wani da na sani nake gani.

An fara mana da tarihi a gaggauce: Wilhelm Wundt da ɗakin gwajin da ya buɗe a birnin Laifzig na Jamus a 1879, Pavlov na Rasha da karnukansa, Piaget na Suwizalan da yaran da yake yi wa tambayoyi. Ba zan cika ka da wannan ba. Inda na tashi zaune shi ne babin hadda da mantuwa.

Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya yi gwaji a kan kansa, shi kaɗai, ya wallafa sakamakon a 1885. Ya haɗa gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana haddace su, sannan ya auna yadda suke zubewa. Ya gano mantuwa ba a hankali take zuwa ba: mafi yawan asarar cikin sa'o'in farko take faruwa, daga baya abin da ya rage ya riƙa tafiya sannu-sannu. Ya kuma gano cewa maimaitawa sau 38 da aka raba cikin kwana uku ta yi masa aikin da sau 68 suka yi a zama ɗaya. Malami na cikin bayani ni kuma hankalina ya koma zauren malaminmu na allo. Ka tuna yadda ake yi mana? A rubuta, a biya, ka yi ta maimaitawa da asuba, ka dawo da yamma, da dare a kewaye wuta. Ba a yarda ka wanke allo sai ka kawo karatun da ka, ba tare da ka duba ba. Kuma tilawar baya ba ta yankewa, ko ka yi nisa sai an mayar da kai surorin da ka wuce. Masu bincike na zamani sun tabbatar cewa tilasta wa kai tuno abu ya fi sake karanta shi sa ya zauna, raba bita cikin kwanaki kuma ya fi tara ta dare ɗaya. Malamanmu ba su auna ba, amma sun daɗe suna aiki da shi. Mu kuwa a lakwal mukan cika tablo da rubutu, yara su kwafe a kaye, ba a sake waiwayar darasin sai jarrabawa ta matso. Yanzu kafin in fara sabon darasi nakan ce kowa ya rufe kayensa ya faɗa mini abin da ya tuna na makon jiya. Da farko sun yi ta gunaguni, yanzu su ne ke tuna mini.

Akwai kuma gwajin Elizabeth Loftus na 1974 a Amurka. An nuna wa mutane fim ɗin haɗarin mota, aka tambayi wasu gudun da motocin suke yi sa'ad da suka bugi juna, wasu kuma sa'ad da suka ragargaji juna. Waɗanda aka ce wa ragargaza sun faɗi gudu mafi yawa, bayan mako guda kuma sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Ba ƙarya suka yi da gangan ba, tambayar ce ta shiga cikin abin da suka tuna. Ka duba yadda muke tambayar yara in an yi faɗa a tsakar lakwal: «Wane ne ya fara marin ka, ba shi ba ne?» Mun riga mun sa masa amsa a baki, gobe kuma zai rantse haka aka yi.

Amma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne babin shaƙuwar jariri da mai renonsa. John Bowlby na Ingila ya ce yaro ba don nono kaɗai yake manne wa uwarsa ba, yana bukatar wanda zai gudo wurinsa in ya tsorata, wanda in yana kusa zai saki jiki ya yi wasa. Mary Ainsworth ce ta bi maganar da ido. Abin da ya ba ni mamaki, a Afirka ta fara: a Uganda, tsakanin 1954 da 1955, tana shiga gidajen iyalai 26 tana kallon yadda uwaye ke yi da jariransu. Daga baya a birnin Baltimo na Amurka ta tsara gwajin da ya yi suna. A sa uwa da ɗanta mai kamar shekara ɗaya a ɗakin da bai sani ba, baƙo ya shigo, uwar ta fita, ta dawo, a duba yadda yaron zai tarbe ta. Da wannan tarba ake yanke hukunci ko shaƙuwar tasu mai natsuwa ce ko a'a. Uwar da ake yabawa a littafin darasinmu ita ce mai kallon idon ɗanta, mai yi masa magana da wasa, mai nuna masa ƙauna a fili.

Ka san ni ɗan fari ne. Tun da nake, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son a kira ni, sai ta ce wa ƙanwata, «Kira mini yayanku.» Ba ta taɓa yi mini wasa a gaban mutane ba, ana yaye ni kuma kakata ta Tibiri ta ɗauke ni, a ɗakinta na yi wayo. In wani ya shigo gidanmu da takarda da ma'aunin littafin nan, ya ga mace tana kau da kai daga ɗanta, me zai rubuta? Zai ce sanyin zuciya gare ta. Ba zai ga akuyar da ta sayar shekarar da na ci jarrabawar shiga kwaleji ba. Ba zai san cewa duk ranar da zan yi tafiya ba ta barci, ko cewa furar da ta fi kyau takan biyo ta hannun ƙanwata ta iso gare ni ba tare da an ce daga wa take ba. Kunya ce, kunyar ɗan fari, kuma ni ban taɓa yin kokwanto ko sau ɗaya cewa ana so na ba. Na faɗi wannan a aji, murya na rawa. Wata abokiyar karatunmu, ita ma ƴar fari ce, ta ce tamkar labarinta na bayar.

Malaminmu mutum ne mai adalci, bai kare littafi ba. Ya ce mana wasu masu bincike sun taɓa duba wannan magana a tsakanin Hausawan Najeriya, suka wallafa a 1977, suka ga jaririn Bahaushe yakan shaƙu da mutum fiye da ɗaya cikin masu renonsa, ko da yake akwai wanda ya fi gudowa wurinsa. Wannan kowa ya sani a gidan yawa: ga kaka, ga kishiyar uwa, ga gwaggo, ga yarinyar da ke goya shi. Ya kuma kawo mana lissafin da wani mai bincike, Jeffrey Arnett, ya yi a 2008 a kan manyan mujallun fannin. Kashi 68 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwaji a kansu ƴan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu masana'antu suke, alhali waɗannan ƙasashe kashi 12 ne kawai na mutanen duniya. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Ka ga ke nan ana cewa «ɗan Adam», amma ɗan wani gida aka auna.

Kada ka ɗauka ina cewa a watsar da ilimin ne. Akwai abokan karatu biyu da suka tsaya a nan, suka ce ai duk tatsuniyar Turawa ce. Ban yarda da su ba. Mantuwar da Ebbinghaus ya auna ita ce ke cin yarana a aji. Bukatar yaro ga wanda zai fake a jikinsa gaskiya ce a Baltimo, gaskiya ce a unguwar Bagalam ta nan Maradi. Abin da ya bambanta shi ne alamar da ake gane ƙauna da ita, da yawan hannayen da ke reno. Hanyar binciken, wato ka lura, ka rubuta, ka auna, ka bar wani ya gwada ko ka yi daidai, ba ta kowa ba ce. Abin da ya rage shi ne mu yi tambayoyinmu da ita, a gidajenmu, da harshenmu.

Kuma ba mu ne na farko ba. Kai da kake asibiti za ka ji daɗin wannan. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: maimakon a kulle mai taɓin hankali, sai a sauke shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da wani ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti ana duba shi, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. A Dakar, daga 1959, Henri Collomb ya bi kusan wannan hanya a asibitin Fann, inda ake zama taro da marasa lafiya da danginsu a tattauna. Tun kafin su da nisa, masanin nan Musulmi Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta a kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauka wa mutum ba tare da wani dalili a fili ba, ya ce na biyun yana da nasaba da jiki kuma yana bukatar magani. Sa'ad da na karanta wannan na tuna matar maƙwabcinmu ta da, wadda bayan haihuwa ta daina magana ta daina cin abinci. An yi ruƙiyya, wasu suka ce a kai ta wurin ƴan bori, wasu suka ce shagwaɓa ce. Ba wanda ya san cewa akwai ciwon damuwa da kan kama mace bayan haihuwa, sananne ne, kuma ana jinyarsa. Ban raina addu'a ba, Allah ya kiyaye. Amma da an haɗa da asibiti, da ba ta daɗe cikin wannan wahala ba. Har yanzu abin yana ci mini rai.

Karatun dai da nauyi. Da safe ina lakwal, da yamma in hau kabu-kabu in tafi aji, da dare in zauna da takardu in yara sun kwanta. Darussan da Faransanci ne, sabbin bincike kuwa yawancinsu da Ingilishi suke, sai na riƙa bi da ƙamus a waya. Uwargida tana ƙoƙari ƙwarai, Allah ya saka mata, ita ke riƙe da gidan a wannan tsakani.

Na fara tunanin abin da zan rubuta kundin kammalawa a kai, kuma zuciyata ta tsaya kan ƴan fari da ƴan riƙo. Ina so in zauna da uwaye da kakanni a nan cikin gari da Tibiri da wajen Madarunfa, in ji daga bakinsu yadda suke gane yaro ya natsu, wa yake gudowa wurinsa in ya ji tsoro, me riƙo ke ƙara masa, me kuma yake rage masa. Domin ban ce duk riƙo alheri ba ne. Mun san waɗanda suka tashi a hannun da bai ji tausayinsu ba, kuma dole a faɗi wannan ma. Matsalar da nake hange ita ce kunyar kanta: yaya namiji kamata zai tambayi dattijuwa game da ɗan da ba ta ko faɗin sunansa? Ina jin sai na nemi wata cikin mata abokan karatu ta riƙa yin hirar, malamina kuma ya ce dole a bayyana wa kowa manufar aikin a nemi yardarsa, a kuma ɓoye sunaye.

A nan nake neman taimakonka. Kana ganin uwaye kullum wurin awo da rigakafi, Buzaye da Hausawa da Fulani. Don Allah ka lura mini, ba tare da ka takura wa kowa ba: su wa ke kawo jariri, wa ke rarrashinsa bayan allura, kuma matan Buzaye suna yi wa ɗan fari irin kunyar da namu ke yi? In uwargida za ta yarda ta tambayi maƙwabtanta, ya fi, don sun fi sakin jiki da ita. Duk abin da ka samu ka turo mini ta WhatsApp, ko da a gutsure ne.

In hutunka ya kama a watan Disamba, ka sanar da ni da wuri in shirya maka ɗaki. Ka gaida uwargida da yara, ka gaida Baba in kun yi waya. Allah ya tsare, ya bar zumunci.

Wassalam,
naka har kullum,
amininka na Maradi