Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Filin Ƙwallon Unguwa Da Dokar Hana Kiɗa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni,
Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Zazzau.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu makaɗa da mawaƙan gargajiya, tare da masu horar da ƙungiyoyin ƙwallon unguwa da dattawan da ke tsaya musu, muna kawo kukanmu gabanka kan filin ƙwallon unguwarmu, da kuma dokar hana kiɗa a bakinsa da aka kafa bayan rigimar wasan ƙarshe na gasar rani. Ba mu zo musanta faɗan ba. An yi shi, an ji wa yara ciwo, kuma wanda ya kafa dokar don kare rai ya kafa ta. Roƙonmu dai a duba inda ɓarakar ta faro, domin kalangu aka hukunta, alhali mafi yawan laifin na filin ne.

Ranka ya daɗe, filin nan ba shi da layi. Idan an zuba toka da safe, kafin hutun rabin lokaci ƙafafu da iska sun share ta. Ba shi da igiyar da za ta tsare 'yan kallo, sai su yi ta matsowa har mai riƙe da tuta ya rasa inda zai gudu. Da ƙwallo ta fita ko ta shiga, babu mai iya rantsewa, alƙalin wasa ya yanke abin da ya gani, ɓangare guda ya ce an ci amanarsa. Daga nan duwatsu ke tashi. Ga kuma masu kiɗan na'ura da ke girka manyan lasifikoki a bayan raga, su tada janareto, ƙarar ta danne usur ɗin alƙali. Ɗan wasa ya ci gaba da gudu bai ji an busa ba, ya kai wa wani ƙafa, a ce da gangan ya yi.

Namu laifin kuwa ba za mu ɓoye shi ba, zambo ne. Akwai matasan maroƙa da ba su tashi a gidan kiɗa ba, waɗanda ba su san bambancin zuga ɗan wasa da zagin mahaifinsa ba. Kirari yana ɗaga mai shi ne ba tare da ya taɓa abokin karawarsa ba. Habaici ma yana da iyaka, ana yin sa kan wasa, ba kan asali ko addini ko nakasa ba. A garin Kaduna, inda ƙungiya guda za ka tarar da Bahaushe da Bajju da Gbagyi da Bayarabe sanye da riga iri ɗaya, baiti guda na rashin hankali ya isa ya ɓata abin da aka shekara ana ginawa. Wannan muna da maganinsa, za mu zo kansa.

Muna so Mai Girma ya san abin da dokar ta taɓa. Makaɗin gargajiya a yau da ƙyar yake haɗa abincin wata. Biki da suna sun koma hannun masu lasifika, domin mutum ɗaya da na'ura ya fi arha a kan tawaga mai kalangu biyu, ɗan kuntuku, mawaƙi, 'yan amshi uku da sanƙira. Dambe ba kullum ake yi ba, hawan salla sau biyu ne a shekara. Abin da ya rage mai zuwa duk mako shi ne ƙwallon unguwa, daga bayan la'asar zuwa gab da magariba, musamman da rani. A nan ne yaron makaɗi yake koyon riƙon kalangu a hammata gaban jama'a, yake koyon yadda ake ba kowane ɗan wasa takensa, har a ji ganga ta kira mai tsaron gida ba a ambaci sunansa ba. Da yawan tsofaffin makaɗanmu su ne kuma masu tara wa ƙungiyoyi kuɗin ƙwallo da riguna, wasu ma sun buga wasan da ƙafarsu kafin gwiwa ta ƙi. Hana kiɗa a fili rufe makaranta ne da kasuwa a rana guda.

Ba sai an tuna wa Mai Girma abin da irin waɗannan filaye suka haifar wa garin nan ba. A Kaduna aka haifi Rashidi Yekini, kuma da ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara. A nan aka haifi Daniel Amokachi wanda ya fito daga Ranchers Bees, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, Kaduna United ta ɗauki Kofin Tarayya a 2010. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Amma babu yaron da ke fara taka leda a babban fili, a jan ƙasar unguwa yake farawa.

To ita jan ƙasar tamu ana cin ta ta gefe. Kowace shekara sai an wayi gari an ga tubalin bulo ya matso daga gabas, ko an jibge yashin gini a kusurwa da sunan ajiya ta kwana biyu, kwana biyun ta zama harsashi. Gefen kudu ya koma juji. Dokar ƙwallo ta yarda da tsawon mita 90 zuwa 120 da faɗin mita 45 zuwa 90. Mu mita 100 da 64 muke nema, sannan a bar aƙalla mita 5 a kowane gefe don 'yan kallo da makaɗa. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun Gwamna ne, don haka fatar baki ba ta kare fili. Muna roƙon Mai Girma ya rubuta wa ƙaramar hukuma, a kai maganar KADGIS, hukumar awo da rajistar filaye ta jiha, a auna, a kafa dutsen iyaka a kusurwa huɗu, a yi masa takarda a matsayin filin jama'a, a kuma sanar da KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, don kada a ba kowa izinin gini a kai.

Sai ruwa, wanda shi ne babban ciwon. Tsakiyar filin ta fi gefensa zurfi, saboda a nan aka fi tattakawa, gaban raga kuwa ya zama kamar kwarya. Idan ruwan Agusta da Satumba ya sauka, sai ya kwanta kwana da kwanaki, wanda ya samu hanya kuma ya yanka zaizaya ta ratsa fili. Mutanen kirki kan kawo tipar marmara su cike ramin, wannan kuwa taimako ne mai cutarwa. Marmara tana daskarewa kamar siminti da rani, tsakuwarta tana yanka gwiwa, mai tsaron gida ba ya iya faɗuwa a kanta. Ɓaraguzan gini sun fi muni, da ƙusa da kwalba a ciki.

Gyaran da ya dace shi ne a ɗaga tsakiya ta fi gefe, gangaren santimita 1 a kowace mita, wato tsakiyar ta ɗara bakin layi da kusan santimita 30. A shimfiɗa ƙasar noma gauraye da yashin kogi, kaurin santimita 5 ko fiye. A fili mai murabba'in mita 6,400 wannan ya kama mita 320 na awon cika, kuma gara a san lissafin tun farko da a kawo tipa biyar a ce an gama. A haƙa magudana a gefe biyu na tsawon filin, nesa da layi, a haɗa ta da lambatun titi. A dasa ciyawar kiri-kiri da farkon damina, a rufe fili mako shida zuwa takwas har ta kama, a kuma hana ɗaure dabbobi da koyon mota a kai. Idan aka dasa da rani ba rijiya, asarar wahala ce. Raga kuma ta zama faɗin mita 7.32 da tsayin mita 2.44, da bututun ƙarfe da kaurinsa bai wuce santimita 12 ba, a binne gindinsa da kankare. Wadda ke nan yanzu tsatsa ta ci gindinta, yara kuma suna lilo a sandar sama. Layi a yi shi da farar ƙasa jiƙaƙƙiya, ba busasshiyar toka ba.

Buƙatar makaɗa ƙarama ce, amma tana da dalili. Kalangu kango ne na ice mai siririn tsakiya, da fatar akuya sirara a baki biyu, da tsarkiya mai haɗa su. Matse tsarkiya a hammata shi ke ɗaga murya, sakinta ya saukar, da haka ganga ke magana. Fata ba ta son laima. Da ta sha danshi sai ta saki, muryar ta dushe, sai an shanya ta a rana ko an nuna mata wuta daga nesa, wanda ya matsa kusa kuma ya ƙone ta. Zafin rana kai tsaye da busasshiyar iskar hunturu su kuma suna ɗaure ta fiye da kima, makaɗi ɗaya mai ƙarfi sai ta fashe. Tsarkiyar da ta jiƙa ta bushe sau da yawa tana tsinkewa, gara da ɓera kuma suna cin kayan da aka ajiye a ƙasa. Sake ɗaurin kalangu guda aikin kwanaki ne, ga kuɗin fata. Saboda haka muke roƙon rumfa mai rufin kwano da silin na tabarma, mita 6 da 3, a gefen yamma daidai tsakiyar fili, yadda rana za ta kasance a bayan masu kiɗa da yamma, nesa da raga ta kowane ɓangare. A haɗa da ɗan ɗaki mai makulli da ƙusoshin rataya a bango, inda ganguna da ƙwallaye da raga za su kwana sama da ƙasa.

Idan Mai Girma ya amince a ɗage dokar, ga abin da muka ɗaura wa kanmu. Ba mai kiɗa ko roƙo a bakin fili sai wanda Sarkin Makaɗa ya sani kuma ya rubuta sunansa. Ba zambo, ba ambaton iyaye, ƙabila ko addini, wanda ya karya a dakatar da shi gasar gaba ɗaya. Ba usur a hannun kowa sai alƙali. Kiɗa zai tsaya cak idan ɗan wasa ya faɗi da rauni, ko za a yi bugun fenareti, ko an fara kiran salla. Tawaga ɗaya za ta yi wa ƙungiyoyin biyu kiɗa, don kada ganga ta zama ta ɓangare. Liƙi kuma mun bar shi, tunda dokar Babban Banki ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 kan wulaƙanta naira, ga shi yana jawo mutane cikin fili. Za a zaga da faifai lokacin hutun rabin lokaci, a ƙirga a gaban dattawa biyu, a cire kashi ɗaya cikin goma don farar ƙasa da igiya. Masu lasifika ba mu ce a kore su ba, su ma abinci suke nema. A ba su kafin a take wasa da bayan an tashi.

Muna roƙon a gwada wannan tsari na gasa guda, ƙarƙashin idon wakilin Mai Girma da 'yan sintirin unguwa. Aikin hannu, haƙar magudana da dashen ciyawa da kwashe juji, matasan ƙungiyoyi sun ɗauka. Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne takarda, tipa da ƙarfe. Muna kuma fatan a ba mu rana mu zo fada da zanen filin, kafin ruwan farko ya sauka.

Allah ya taimaki Hakimi, ya ƙara girma.

Masu biyayya,
Sarkin Makaɗa, a madadin makaɗa da mawaƙa
Shugaban masu horar da ƙungiyoyin unguwa
Wakilin dattawa
Wakilin matasa